Yadda Za Ka Ɗauki Hoton Iyali Ba Tare da Iyalinka Ta Fito Ba

Kai maigida, matso kusa. In ka bi matakan nan yadda na jera su, ba ka tsallake ko ɗaya ba, na yi maka alkawarin za ka mallaki hoton iyali irin wanda ake kafawa a falo baƙo ya shigo ya rasa bakin magana. Kai a tsakiya bisa kujera, 'ya'ya sun kewaye ka fes-fes kamar yanzu aka ɓare su daga leda, mota tana sheƙi a baya. Ita kuwa wadda ta wanke, ta goge, ta shirya duk wannan, babu ita babu dalilinta. Hanya ce gwadaddiya. Shiga gidajen unguwarku ka ɗaga kai ka dubi bango, za ka ga an daɗe ana cin moriyarta, rubuta ta ne kawai ba a taɓa yi ba.

Ban ƙirƙiri komai ba. A gidan yayana na ga aikin daga farko har ƙarshe, kuma shi gwani ne. Manaja ne a wani kamfani, mutum ne da ya iya tsayawa a gaban kyamara. Matarsa, Anti, malamar lissafi ce. 'Ya'yansu uku: Lauya, 'yar fari, wadda bakinta ya jawo mata sunan, Injiniya, mai kwance duk abin da ke da noti, sai Auta, wanda bai fara tafiya ba.

Mataki na 1: Samo dalili mai nauyi, ka hau kansa ka zauna

Hoto haka kawai ba ya motsa gida, sai da dalili. Na Yaya daga surukarsa ya zo, mahaifiyar Anti, tsohuwa mai nisan gari da kaifin harshe. Ta kira shi a waya, ya buɗe muryar don duk gida su shaida ladabinsa.

Ta ce, "Baban yara, idona ɗaya ya yi ritaya, ɗayan ma na ga yana haɗa kaya. Ka aiko min da hoton iyalinka in ƙare mata kallo tun ina iya bambance fuska da ƙofa. Ba na cikin waya ba, wannan kamar ƙuda nake ganinsa. A wanke babba. Ƙanenta zai biyo ta wajenku da mota ranar Asabar, sai ka ba shi."

"An gama, Mama," in ji Yaya.

To ga inda ilimin yake. Kalmar iyali ɗaki biyu gare ta. In ka je asibiti ka ce "iyalina ce ba lafiya", ba wanda zai zaci kai da yaranka da motarka ne kuka kwanta, kowa ya san matarka kake nufi. A ɗaya ɗakin kuma, iyali shi ne gidan gaba ɗaya, kai a samansa. Tsohuwa 'yarta take son gani kafin idon ya rufe, har ma ta ce "in ƙare mata kallo". Kai kada ka ji wannan "mata" ɗin. Ka shiga ɗakin da kake ciki ka rufo ƙofa. Mai hikima, in magana ta zo masa da fuska biyu, wadda ta yi kama da shi yake ɗauka.

Mataki na 2: Kada ka faɗi ranar sai ranar

Ka yi magana da mai hoto tun farkon mako, ka haɗiye. Ranar Asabar, kana kurɓar shayi, ka saki maganar kamar ka tuna ne yanzu.

"Af, mai hoto na nan tafe da hantsi."

Anti ta ajiye cokalin da take ba Auta abinci. "Wane hantsin?"

"Na yau mana."

"Baban yara, kayan yaran nan suna cikin ruwa. Ni ko kitso ban yi ba."

"Ai akwai rana, za su bushe. Kitso kuma wa zai gani?"

Ka lura da tambayar ƙarshe. Annabci ba namu ba ne, amma mutum yana iya faɗin gaskiya bai sani ba.

Amfanin wannan mataki shi ne yana raba aiki daidai wa daida: kai ka kawo shawara, ita ta kawo sauran. In ta yi ƙorafi, ka tuna mata don mahaifiyarta ake wannan wahalar, kuma kai ne ka ɗauki nauyin kiran wayar.

Mataki na 3: Ka riga kowa shiryawa, sannan ka koma duba agogo

Shiga wanka kai ne farko, ka ƙarar da ruwan zafin. In ka fito, kada ka nemi komai da ido. Allah ya ba ka murya.

"Ina farar rigata?"

"Tana rataye, na goge ta."

"Ina safata?"

"Inda take tun da aka kawo ni gidan nan."

"Ina ne nan?"

Za ta zo da kumfa a hannu ta jawo maka durowa. Ka karɓa, ka ce ba wannan kalar ba.

Da ka gama, ka fesa turare, ka fito falo ka tsaya a tsakiya kana kaɗa makullin mota, ko da yake ba inda za ka. Daga nan aikinka ɗaya ne, sanar da lokaci. A wannan tsakanin Anti ta busar da kayan yara da dutsen guga, ta yi wa Auta wanka, ta taje kan Lauya, ta gano takalmin Injiniya ƙafa ɗaya a bayan firji ɗaya a cikin kwandon albasa, ta sake yi wa Auta wanka saboda abin da ba sai na faɗa ba, ta ɗora tukunya don ƙanenta direba ba zai wuce da yunwa ba. Yaya kuma, ba don in yabe shi ba, ya faɗi lokaci ya fi a ƙirga, kuma ko sau ɗaya bai yi kuskure ba.

Sai ka rufe da jimlar gado: "Ku mata kun cika ɓata lokaci wajen shiri." Ka faɗe ta da ƙarfi yadda za ta kai kicin. Lauya ta leƙo ta ce, "Abba, ai Umma ba ta fara shirin ba ma. Mu take shiryawa." Irin wannan yarinya ka ce mata ta je ta sa takalmi.

Mataki na 4: Kujera ɗaya ce, kuma an san mai ita

Mai hoto ya iso kan babur, da jaka a baya da ƙafafun kyamara a hammata. Kada ka bari a ɗauka a falo. Ka ce a fita tsakar gida, can haske ya fi. Gaskiyar ita ce mota ba ta shiga falo.

Ka sa a fito da kujerar nan mai hannu, ta baƙi. Ba kai za ka ɗauko ba, rigarka za ta yamutse. Yaya ya kira, Anti ta rungumo ta daga falo tana tafiya a kaikaice, shi kuma yana nuna mata da yatsa: nan, a'a can, ɗan dawo. Da ta zauna daidai, kujerar nake nufi, sai ya hau. Ya baje riga, ya ɗora hannu ɗaya a gwiwa yadda agogo zai fito.

"Yallaɓai, a ɗan yi murmushi," in ji mai hoto.

"Ni ba ɗan makaranta ba ne. Ɗauki haka."

Daidai ke nan. Maigida ba ya washe baki a hoto. Ka ɗaure fuska kamar mai tunanin kuɗin makaranta, jikokinka su gani su san an sha wahala a kansu.

A wannan gaɓar akan samu mai tsoma baki. A gidan Yaya ni ce. Na ce tunda Mama 'yarta take son gani, ai Anti ya kamata ta hau kujerar, shi ya tsaya a baya. Yaya ya dubi mai hoto ya ce, "Ka ji abin da boko ke yi wa mutum." Sai ya ɗauko farin faifan nan da ake mayar da haske a fuska da shi, ya miƙo min. "Ungo. Tunda ke ce mai son haskaka al'umma, tsaya can ki haska mu."

Ka koyi wannan. Duk mai surutun gyara, ka ba shi abin riƙewa da hannu biyu.

Mataki na 5: Ka bar mata gurbi, Allah zai kawo mai cike shi

Kada a ce ka hana ta shiga. Wannan aikin marasa wayo ne. Ka bar mata wuri a bayan kafaɗarka ta dama, ka nuna wa kowa. "Nan na uwarsu ne." Sannan ka ɗaga murya: "Maman yara, muna jiranki fa."

Za ta amsa daga kicin, "Bari in rage wuta in sa kaya."

Wuri ba ya son zama babu kowa. Ana cikin haka maƙwabcin Yaya ya yi sallama, ya zo aron tsani. Mutum ne mai tumbi da son jama'a, da silifas ɗin wanka a ƙafa. Ya ga kyamara, ya manta da tsani.

"A'a, hoto ake yi ba gayyata?"

"Shigo mana, ai kai na gida ne," in ji Yaya.

Mai hoto ya ce, "Yallaɓai na biyu, ɗan tsaya a gurbin Madam in gwada tsayi." Maƙwabci ya tsaya. Ya gyara hula. Ya ɗora hannu a kafaɗar Yaya cikin wata irin shaƙuwa da ni dai ban taɓa ganin ta tsakaninsu ba. Daga nan ko da ƙugiya ba ka fitar da shi.

Lauya ta ɗaga kai ta dube shi. "Baba, nan wurin Ummana ne."

"Ina ɗumama mata ne, 'yata."

In zuciyarka ta fara ɗan sosuwa, ka tuna haka aka saba. Kowane gida haka suke yi. Kuma duk wanda ya ce maka "haka muka taras", ka riƙe shi da kyau, abokin tafiya ne. Haka muka taras da sauro ma, sai dai shi ba mu kai ga sa shi a firam ba tukuna. Mace ta tashi tun duhu, ta tsaya a kan ƙafarta har gidan ya yi kyan da za a nuna wa duniya, in an zo nunawar kuma a ce ta ɗan matsa tana tare haske. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma na kauce, mu koma darasi.

Mataki na 6: Ka karɓi jariri, ka nuna wa duniya kai uba ne

Wannan shi ne mataki mafi haɗari, don a nan kaɗai za ka taɓa aiki da hannunka. Hoton zamani sai da jariri a cinyar uba. Yana nuna tausayi.

Matsalar ita ce jariri bai san ana hoto ba. Shi abin da ya sani, wani mutum mai ƙamshin turare da yakan gani yana wucewa da safe ya ɗauke shi. Da aka ɗora Auta a cinyar Yaya, ya ɗaga kai ya dube shi, ya dubi maƙwabci, ya auna wanne ya fi sani, ya ga duk ɗaya ne. Sai ya buɗe baki.

"Yi masa wasa, Yallaɓai," in ji mai hoto.

Yaya ya kaɗa masa makulli. Kuka ya ƙaru. Ya ce, "Kai, yi shiru, ni ne." Auta bai gamsu da wannan bayani ba. Ya sandare, ya zame, ya kama hular uban ya jefar. Injiniya ya ga hankali ya bar kansa, ya tsuguna yana kwance notin ƙafar kyamara.

"Maman yara, zo ki ga ɗanki."

Ka lura: in yana dariya ɗanka ne, in yana kuka ɗanta.

Anti ta fito da zanen aiki, ludayi a hannu. Tana taɓa shi ya yi ɗif. Ta ja baya, ya dasa sabo. Ta taɓa, ɗif. Mai hoto ya yi tunani irin na masu sana'a ya ce, "Madam, ga dabara. Ki tsuguna a bayan kujera, ki zuro hannu ta ƙarƙashin hannun Yallaɓai ki riƙe shi. Gwaji ne kawai, in ga haske. In kin shirya sai mu ɗauki na gaske."

Anti ta dubi kujerar, ta dubi mijinta. "Baban yara, hoton nan fa na Mama ne."

"Shi ya sa nake so ya yi kyau."

Ta miƙa wa Lauya ludayin, ta tsuguna. Malamar lissafi, mai aji uku a hannunta, ta naɗe a bayan kujera tsakanin tayar mota da silifas ɗin maƙwabci. Auta ya ji hannun da ya sani a cikinsa, ya saki dariya har da dasashi. Kyamara ta yi ƙyas, ƙyas, ƙyas.

Sai ƙauri ya taso daga kicin. Anti ta miƙe da gudu.

Mataki na 7: Ka zaɓi hoto da fuskarka, ka sallami mai hoto

Yanzu sai sauri. Tana can tana ceton tukunya, daga nan za ta watsa ruwa ta sa kaya. Kai kuma ka ce a nuna maka na gwajin.

Ka duba abu ɗaya: kai. Yaya ya sa aka zuƙo fuskarsa har ta cika gilashin kyamara. Hula ta zauna, agogo ya fito, tumbi ya ɓuya a bayan jariri.

"Wannan ya yi. Ko an sake ba za a samu kamarsa ba."

"Saura Madam, Yallaɓai."

"Ba ka ce kana da wani aikin ba?"

"Akwai, amma zan iya ɗan jira."

"Kada mu cuce ka. Ba kuna dasa mutum da kwamfuta ba?"

"Ana yi. Sai a turo min wani hoton nata mai kyau."

"Shi ke nan. Wanke biyu manya, a sa firam. Ɗaya na suruka, ɗaya na falo. Kafin la'asar."

Na ce a jira ta, minti nawa ne. Aka ce in ajiye faifai in huta, na yi ƙoƙari.

Lokacin da Anti ta fito, ta yi kyau har Lauya ta ce, "Umma, ashe haka kike?" Leshinta mai ruwan zuma, ɗauri ya zauna, ga jan baki. Ta tarar da tsakar gida babu kowa sai kujera. Babur ya tafi. Maƙwabci ya tafi, ya bar tsanin. Yaya yana falo da singileti, ya miƙe ƙafa yana tambayar ko abincin bai ƙone duka ba.

Ta tsaya a bakin ƙofa. "Ina mai hoton?"

"Kin daɗe ai. Amma kada ki damu, na yi magana da shi, zai dasa ki."

"Ya dasa ni. Ni albasa ce?"

Kada ka amsa irin wannan tambaya. Tarko ce.

Mataki na 8: Nemo hotonta a wayarka

Wannan matakin gajere ne, don ba abin da za ka samu.

Yaya ya buɗe waya, Lauya ta leƙo ta kafaɗarsa tana karanta wa jama'a. "Mota. Mota. Abba a taro. Abba da wani mai kwat. Tayar mota. Abba a taro yana nuna allo. Kifi. Abba da kifin. Ga Umma! A'a, kafaɗarta ce, Auta aka ɗauka. Ga ta nan kuma, ta juya baya tana wanke-wanke, Injiniya ne ya danna."

"Ke, ba ni wuri."

Ka tura wa mai hoto kafaɗar. Zai ce ba ta isa ba. Ka ce ya yi yadda ya gani, lokaci ya ƙure.

Mataki na 9: Ka aika, ka zauna jiran yabo

Firam biyu suka iso a naɗe cikin takarda, daidai lokacin da ƙanen Anti ya tsaya da motarsa a ƙofar gida. Anti ta ce a ba ta na Mama ta gani. Ta warware a hankali. Ga Yaya kamar shugaban ƙasar da ba a ƙirƙiro ba tukuna. Ga yara. Ga mota. Ga maƙwabci yana murmushin mai gida. A cikin Auta kuma, in ka kula, ga hannu ɗaya ya fito daga hammatar Yaya, da awarwaro biyu da ɗan tabon ƙuna a wuyan hannu.

Na zaci za ta ce a fasa aikawa. Ta daɗe tana kallo, sai ta mayar da takardar ta naɗe da kanta, har da ɗaure shi da igiya kada ya fashe a hanya. Ta miƙa wa ƙanenta.

"Kai mata haka. Kada ka ce komai."

Yaya ya ce da ni, "Kin gani? Ita ba ta da matsala. Ke ce mai matsala." Ya kafa nasa a falo, sama da talabijin.

Washegari da rana waya ta yi ƙara. Ya ga sunan suruka, ya gyara zama, ya buɗe muryar don kowa ya ji.

"Baban yara, saƙo ya iso. An gode. Firam mai nauyi."

"Ba komai, Mama, ai wajibi ne."

"Na fito da shi rana na duba. Na gan ka, ka yi ƙiba. Na ga jikokina. Wannan mai tumbin da ya dafa ka fa? Aure ka ƙara ba ka faɗa mana ba?"

"A'a Mama, maƙwabci ne."

"To. Shi ma Allah ya yi masa albarka. Sai na ga hannu a cikin yaron. Wannan hannun na san shi, a gabana ya ƙone da tana koyon girki. Baban yara, ni da na ba ka yarinyar nan, cikakkiya na ba ka, da kai da ƙafafu. Ina sauran?"

Yaya ya yi tari. "Ai tana ciki, Mama. Tana baya ne."

"Haka ƙanenta ya ce da na matsa masa. Na juya bayan, kwali ne da ƙusa."

Lauya ta toshe baki da matashin kujera. Anti tana tsaye a ƙofar kicin tana goge faranti ɗaya tun ɗazu.

"Mama, za a sake. Wannan satin zan kira mai hoton."

"Kada ka wahalar da bawan Allah. Idon nan ba zai jira a sake gwaji ba. Tunda hoto ya gagara, ka aiko min da mai hannun. Motar ƙanenta za ta sake biyowa jibi. Ta taho da na goye, manyan kuma ka riƙe, na ga a hoto ka iya riƙon yara."

Yaya ya buɗe baki. Ba a musu da suruka, balle a gaban 'ya'ya, balle da murya a buɗe, kuma shi ya buɗe ta da hannunsa.

"An gama, Mama," in ji shi, a hankali.

Anti ta ajiye farantin ta shiga ɗaki. Muka ji ana jawo akwati.

Sanarwar wanke hannu

Alkawarin da na yi na cika: ka samu hotonka, kuma ba ta fito ba. Abin da ya biyo baya ba ya cikin yarjejeniya.

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin suruka mai ido ɗaya da ya fi naka biyu ba. Ba ta ɗauki alhakin hutun makaranta da ya faɗo daidai lokacin ba, har ya zama malama ba ta da dalilin gaggawar dawowa. Ba ruwanta da farar rigar da ta koma ruwan hoda a wanki, ko remot ɗin da Injiniya ya mayar gida uku, ko 'yar fari da ke tsayawa a kanka da safe tana kaɗa makulli tana cewa, "Abba, kun cika ɓata lokaci." In maƙwabci ya fara kawo baƙinsa falonka don su ga hotonsa, tsakaninku ne.

Haka nan in saƙo ya shigo wayarka daga can, ka ga iyalinka zaune a kan tabarma da leshi mai ruwan zuma, tsohuwa ta kama fuskarta da hannu biyu ta matso da ita dab da idon da ya rage, su biyun suna dariya, kada ka tambaye ni wa ya ɗauka da har ya yi kyau haka. Wanda ya ɗauka ya jira ta ne kawai.

Kuma don Allah a daina kirana ana tambayar yaushe za ta dawo. Na tambayi Mama. Ta ce ido ɗaya ne, a hankali yake aiki, yanzu ta kai goshi.